Kamfanin da ke biyan haraji da kamfanin da ke cin haraji

Tun daga watan Oktoban 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu, har zuwa ranar 26 ga Yunin 2025 da ya rattaba musu hannu, kusan duk hayaniyar da aka yi a Arewa a kan abu ɗaya ta tsaya, wato yadda za a raba kuɗin harajin VAT. Gwamnoni da sarakuna sun taru a Kaduna sun ce ba su amince ba, malamai sun yi magana a kan mumbari, 'yan majalisa sun yi ta kai-komo. Daga ƙarshe aka sasanta: Gwamnatin Tarayya ta ɗauki kashi 10 cikin 100, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Kason jihohin kuma a raba rabinsa daidai-wa-daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi cinikin.

Ban raina wannan gwagwarmaya ba, domin da an yi shiru da jihohi da dama sun ji jiki. Sai dai faɗa ne aka yi a kan rabon tuwo, kuma cikin masu faɗan ƙalilan ne suka leƙa rumbu don su ga sauran hatsi nawa ne.

Kowace naira ta haraji da ake rabawa a Abuja duk ƙarshen wata, sai da wani kamfani ya yi ciniki, ya samu riba, ya kuma rubuta gaskiyar abin da ya samu, sannan gwamnati ta yanki kasonta. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, ko an rubuta doka mai shafi dubu babu abin da za a tatsa. Na ukun, wato rubuta gaskiya, shi ne ya fi ƙaranci a ƙasar nan, kuma ya dogara ne kacokan a kan yadda ake tafiyar da kamfanin: wa ke naɗa shugabanninsa, wa ke duba littattafansa, wa ke da ikon ce wa manaja ya tsaya ya yi bayani.

Akwai kamfanoni biyu da gwamnatin Najeriya ke da hannu a cikinsu da suka isa misali.

Boni da Kaduna

Na farko shi ne kamfanin sarrafa iskar gas na NLNG da ke tsibirin Boni a Jihar Ribas. An yi masa rajista a 1989, ya fara fitar da gas zuwa ƙasashen waje a 1999. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, yana da kashi 49 cikin 100 na hannun jarinsa. Shell na da 25.6, TotalEnergies na da 15, Eni na da 10.4. Ka lura da lissafin: gwamnati ce mai kaso mafi tsoka, amma ba ta kai rabi ba, don haka ba ta isa ta yanke hukunci ita kaɗai ba.

A watan Yulin 2015, lokacin da jihohi da yawa suka kasa biyan albashi na watanni, ɗaya daga cikin abubuwan da gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara waiwaya shi ne kimanin dala biliyan 2.1 da suka fito daga NLNG, aka raba tsakanin matakan gwamnati uku. Malamin firamare a Zamfara ko ma'aikaciyar jinya a Bauchi da suka ga albashi a lokacin, akwai gumin wannan kamfani a ciki, ko da ba su taɓa jin sunan Boni ba.

Na biyu shi ne matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana. Ita mallakar gwamnati ce ɗari bisa ɗari ta hannun NNPC. An kafa NNPC a 1977, amma sai a watan Yunin 2020 ya fara buga wa jama'a rahoton kuɗinsa da masu binciken kuɗi suka tantance. Shekara 43 ke nan kamfanin da ƙasa ta fi dogara da shi yana juya dukiyar al'umma ba tare da masu dukiyar sun ga littafi ba. Da aka buɗe littafin shekarar 2018, sai aka ga matatar Kaduna ba ta yi cinikin ko sisin kwabo ba a shekarar, amma ta tafka asarar sama da naira biliyan 60. An biya albashi, an biya alawus, an yi gyare-gyare, an sayi kayan ofis, ba a sayar da komai ba.

Kamfanin da ya yi asara ba ya biyan harajin riba. Ba nan abin ya tsaya ba, domin asarar sai wani ya cike ta, kuma daga aljihun uwar kamfanin ake cikewa, wato daga kuɗin da ya kamata ya zama riba ga ƙasa. A 2021 an amince da dala biliyan 1.5 don gyaran matatar Fatakwal. An yi bikin dawowarta aiki a Nuwamban 2024, aka sake rufe ta a Mayun 2025. A 2023 an ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaran ta Kaduna a kan kimanin dala miliyan 740.

To mene ne bambancin? Injiniyoyin da ke aiki a Boni 'yan Najeriya ne, jami'o'i ɗaya suka yi da na Kaduna. Albarkatun ƙasa ɗaya ne, gwamnatin ma ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne masu sa ido. A NLNG akwai abokan tarayya uku da su ma suna da masu hannun jari a Turai da za su tsare su da tambaya idan riba ta ragu. Akwai masu sayen gas da suka ƙulla yarjejeniyar shekaru masu yawa, akwai bankunan da suka ba da rance kuma ba sa karɓar labari sai takarda. A matatar gwamnati kuwa, shugabanci yana zuwa ne da sabuwar gwamnati ya tafi da ita, ɗaukar aiki da kwangila suna bin wasiƙar manya, kuma babu mutum ɗaya da zai rasa barci don an yi asara. Giwa ce ta faɗi, kowa ya zo da wuƙarsa.

Kada a ɗauka ina wanke NLNG tas. Doka ta musamman ta ba shi hutun haraji na shekara goma, ninki biyu na abin da aka saba ba sauran kamfanoni, har ƙungiyar ActionAid ta ƙiyasta a 2016 cewa wannan rangwame ya jawo wa Najeriya asarar kimanin dala biliyan 3.3. Ana iya jayayya a kan ko rangwamen ya yi yawa. Amma jayayyar ma ta yiwu ne saboda akwai alƙaluman da za a ɗora ta a kai.

Abin takaicin da ya fi wannan shi ne abin da ya faru da ribar bayan ta bar Boni. Hukumar NEITI, mai bin diddigin kuɗin ma'adinai, ta ba da rahoton cewa ribar hannun jari ta kimanin dala biliyan 15.8 da NLNG ya biya NNPC tsakanin 2000 da 2014 ba ta shiga asusun tarayya ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kamfani mai tsari ya miƙa kuɗi, suka faɗa hannun kamfanin da a lokacin ba ya nuna wa kowa littafinsa.

Yanzu NNPC ya koma kamfani mai rajista a ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021, yana buga rahotonsa duk shekara, har ya bayyana ribar naira tiriliyan 3.3 a 2023. A 2025 kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da asusun gwamnati ya nemi ya yi bayani a kan wasu alƙaluma na naira tiriliyan 210 da ke cikin rahotanninsa na 2017 zuwa 2023. Ko me bayanin ya zama, shekara goma da suka wuce babu takardar da sanata zai riƙe ya yi wannan tambaya.

Abokiyar tarayyar da ba ta zuwa taro

Wani zai ce ai waɗannan kamfanonin gwamnati ne, ina ruwan baitulmali da yadda mutum ke tafiyar da kamfaninsa na kansa? Da ruwansa ƙwarai.

Harajin ribar manyan kamfanoni a Najeriya kashi 30 ne cikin 100. Ma'ana, duk naira ɗari da kamfani ya ci riba, talatin ta gwamnati ce. A zahiri gwamnati abokiyar tarayya ce a kowane babban kamfani, mai kusan kashi ɗaya cikin uku na ribarsa, sai dai ba ta da kujera a teburin daraktoci, ba ta zuwa taron shekara, abin da aka rubuta mata kawai take gani.

Yanzu ka ɗauka shugaban wani kamfani ya ba kamfanin ƙanensa kwangilar kawo dizal a kan ninki biyu na farashin kasuwa. Ko ya sayar wa wani kamfaninsa da ke ƙasar waje kaya da araha, don ribar ta fito a can inda haraji ba shi da yawa. Ko ya sa kuɗin makarantar 'ya'yansa da tikitin hutun iyalinsa a cikin kuɗin gudanarwa. A takarda ribar kamfanin ta ragu. Tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa ya sayi hannun jari ya yi asara, baitulmali ma ya yi asara, kuma hannu ɗaya ne ya shiga aljihunsu su biyun. Duk abin da zai hana wannan hannu, ko daraktoci masu zaman kansu da ba 'yan amshin shata ba, ko mai binciken kuɗi da ba ya tsoron a sallame shi, ko dokar da ta tilasta bayyana duk cinikin da aka yi da dangin shugabanni, yana kare mai hannun jari da gwamnati a lokaci guda.

Abin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Wasu masana tattalin arziki uku, Mihir Desai da Alexander Dyck da Luigi Zingales, sun wallafa wani nazari a 2007 a kan abin da ya faru a Rasha bayan hawan Vladimir Putin mulki a 2000, lokacin da hukumar haraji ta matsa wa kamfanonin mai lamba. Hankali zai ba ka cewa darajar kamfanonin za ta faɗi tunda za su ƙara biyan haraji. Sai ga shi darajar hannun jarin wasunsu, irin su Sibneft, ta tashi. Dalili kuwa, hanyoyin da manyan kamfanin ke bi su ɓoye wa gwamnati riba su ne dai hanyoyin da suke bi su ɓoye wa ƙananan masu hannun jari. Da aka toshe ramin, kowa ya amfana ban da ɓarawon.

A gida ma mun ga abin da rashin masu sa ido ke jawowa. Ranar 14 ga Agustan 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union. Kafin ƙarshen shekarar an zuba naira biliyan 620 don ceto bankunan da suka durƙushe. Bankuna ne da ke shelar riba duk shekara suna karɓar lambobin yabo, alhali a ciki ana ba da rancen da ba zai dawo ba, wani lokaci ga makusantan masu bankin. A 2010 aka kafa AMCON don ta sayi waɗannan ruɓaɓɓun basussuka, kuma har yau tana bin bashin tiriliyoyin naira. Daraktocin da suka yi gyangyaɗi a wurin taro ba su ne suka biya ba. Jama'a ne suka ɗauki nauyin.

Idan ɓera na da sata

Daddawa ma na da wari. Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan 'yan kasuwa, domin tsarin harajin da muka daɗe a cikinsa shi da kansa yake koya wa mutane ɓuya.

Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran haraji, ya sha faɗin cewa harajin da ke rubuce a hukumance sun haura 60, ban da waɗanda ba su da tushe a doka. Amma duk da wannan tulin, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce harajin da aka tara a 2021 bai wuce kashi 10.86 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa ba, yayin da gwamnati ke hanƙoron kaiwa kashi 18. Masu karɓa sun yi yawa, abin da ke isa baitulmali ya yi kaɗan.

Tambayi duk direban da ya taɓa ɗaukar albasa daga Aliero ko shanu daga Potiskum zuwa Kudu. Igiya ce a gicciye a hanya, wannan ya ce na ƙaramar hukuma ne, wancan ya ce na duba lafiyar dabbobi ne, wani ko rasit ba shi da shi sai sanda mai ƙusa. Lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu a watan Fabrairun 2021, wannan karɓe-karɓe na cikin koke-kokenta. Duk kuɗin da aka karɓa a hanya ana ɗora shi a kan farashin kayan, mai saye ya biya, mai kaya ribarsa ta ragu, makaranta da asibiti ba su ga komai ba.

A cikin gari kuwa, wanda ya yi rajista, ya kafa allon suna, ya buɗe asusun banki da sunan kamfani, shi ne jami'ai ke sallama a ƙofarsa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcinsa da ya fi shi ciniki amma yake juya kuɗinsa a asusun yaronsa, ba wanda ya san da shi. Duk ɗan kasuwar da ya ga haka ya san darasin da aka koya masa.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga harajin ƙiyasi ba. A 2018 ofishin Antoni Janar na Tarayya ya nemi MTN ya biya kimanin dala biliyan 2 na harajin baya, sannan a Janairun 2020 ya janye buƙatar ya mayar da batun ga hukumomin haraji da kwastam. A 2021 hukumar FIRS ta ce tana bin MultiChoice naira tiriliyan 1.8, aka ƙare da sulhu a kan kimanin dala miliyan 37 a 2024. Ko dai ƙiyasin farko shaci-faɗi ne, ko kuma an yafe abin da bai kamata a yafe ba. Ko wanne ne, mai son zuba jari da ke kallo daga nesa abu ɗaya zai fahimta: a wannan ƙasa ba ka sanin abin da ake binka sai ranar da takarda ta zo. Irin wannan mutum yakan ƙara farashi don ya kare kansa, ko ya kai kuɗinsa wata ƙasa.

Ita kanta gwamnatin da ke neman kamfanoni su tsarkake littattafansu sai ta fara da nata. A Disamban 2025 ɗan Majalisar Wakilai Abdussamad Dasuki daga Sakkwato ya miƙe a zauren majalisa ya ce dokokin harajin da aka buga a jaridar gwamnati sun sha bamban da waɗanda suka zartar. Da wane ido jami'in haraji zai kalli ɗan kasuwa ya zarge shi da ajiye littafi biyu, idan ana irin wannan zance a kan dokar da ya zo da ita?

Mu dawo kasuwanninmu

A Arewa kalmar haraji tana da ɗaci na musamman. Dattawa suna tuna zamanin da ake shanya magidanci a rana don ya kasa biya, da yadda makiyayi ke kwana a daji da garkensa don gudun jangali. Shi ya sa har yau ake yaba wa Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, da suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Wancan haraji ne na kai, ana karɓa ko ka samu ko ba ka samu ba. Harajin riba daban yake, amma tsoron ya bi jini, har ya zama duk wata takarda da za ta nuna abin da mutum ya mallaka ana yi mata kallon tarko.

Sakamakon yana nan a alƙaluma. A 2023 Jihar Legas ta tara sama da naira biliyan 815 na kuɗin shiga na cikin gida. A shekarar, Yobe da Kebbi da Taraba kowacce ba ta kai biliyan 12 ba. Mafi yawan harajin da jihohi ke tarawa daga albashin ma'aikata ake cire shi, kuma albashin da ake iya cire wa haraji shi ne wanda kamfani mai rajista ke biya ta banki da takarda. Legas ba ta fi mu zafin karɓa ba ne kawai, ta fi mu kamfanoni masu littafi.

Ba ciniki muka rasa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ya ga tirelolin da ke shiga da fita ya san dukiyar da ke juyawa a wurin ta fi ƙarfin wasa. Sai dai kasuwanci ne da mafi yawansa ke cikin kan mutum ɗaya. Alhaji ne ya san wanda yake bi da wanda ke binsa, shi ya san abin da ke sito, kuɗin cefane da kuɗin kaya aljihu ɗaya suke. Amana ce ke riƙe da komai, kuma ta riƙe shekaru aru-aru, ba abin rainawa ba ce. Amma ranar da ta Allah ta kasance, sai a nemi rabin dukiyar a rasa. Masu bashi su yi shiru, yaran shago su kama gabansu, magada su raba shaguna da motoci, kasuwancin da ya ciyar da gidaje hamsin ya watse cikin shekara biyu. Kusan kowace unguwa a Kano da Katsina da Gusau tana da sunan wani attajiri da yanzu sai dai a nuna tsohon gidansa.

Da kasuwancin kamfani ne mai hannun jari, da hannun jarin za a raba wa magada bisa ƙa'idar gado, kowa ya san kasonsa, kamfanin kuma ya ci gaba da aiki ƙarƙashin wanda ya iya. Mace da maraya, waɗanda su aka fi zalunta a rabon dukiyar da ba ta da takarda, su za su fi kowa cin moriya.

Abin mamakin shi ne, ɗan kasuwar da ke cewa ba ya iya lissafi shi ne duk shekara yake rufe shago ya ƙirga haja da kuɗi da bashi don ya fitar da zakka. Kuma ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ilimin yana nan, al'adar mayar da shi littafin yau da kullum ce ba ta zauna ba.

Mutum biyu da suka fito daga gidajen kasuwancin Kano sun nuna inda hanyar ke kaiwa. Aliko Dangote ya shigar da kamfanin simintinsa kasuwar hannayen jari a 2010, Abdul Samad Rabiu ya shigar da BUA Cement a Janairun 2020. Shiga wannan kasuwa na nufin buga rahoto duk wata uku, da karɓar daraktoci daga waje, da tsayawa gaban masu hannun jari a amsa tambaya. Abin da suka samu a madadin haka shi ne rancen da babu bankin da zai ba mutumin da lissafinsa ke kansa. Kamfanonin biyu suna cikin manyan masu biyan haraji a ƙasar nan. Hedikwatarsu kuma, abin da ya kamata ya dami kowane gwamnan Arewa, duk a Legas take.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa ma ƙofar ba ta kai wuyar da ake zato ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista shi kaɗai, ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin ɗaukar mai binciken kuɗi da sakatare. Tun dokar kuɗi ta 2019 kamfanin da cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba ba ya biyan harajin riba, kuma sabuwar dokar ta ƙara ɗaga wannan iyaka. Ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara. Ta haɗe wasu harajin da kamfanoni ke biya daban-daban, irin su na asusun manyan makarantu da na bunƙasa fasahar sadarwa, suka koma guda ɗaya na kashi 4 cikin 100. Ta faɗaɗa damar cire VAT ɗin da kamfani ya biya a kan injina da hidimomi daga wanda zai miƙa wa gwamnati.

Sai dai duk wannan sauƙi na mai takarda ne. Yafiyar ba ta ɗauke wajabcin miƙa bayanan shekara ba. Wanda ba shi da littafi ba shi da hujjar cewa shi ƙarami ne, ba shi da rasit ɗin da zai nemi ragi da shi, don haka abin da jami'i ya ƙiyasta masa shi zai biya, ko su daidaita a bayan shago. Haka in ya je banki, ko da Jaiz ne ko TAJ da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, tambayar farko ita ce ina bayanan cinikinsa.

Kuma tunda kashi 30 na kason jihohi na VAT yanzu yana bin inda aka yi ciniki ne, duk buhun sukari da katin waya da aka sayar a Kano ba tare da an rubuta cewa a Kano aka sayar ba, jihar ce ta yi asara. Kason da gwamnoni suka yi ta faɗa a kai, ba zai zo ba sai an ga shaidarsa a takarda.

Saboda haka da ni ne mai ba gwamnonin Arewa shawara, da na ce su bar ƙirƙiro sababbin tikiti, su kwashe igiyoyin da ke kan hanya, su sa ɗan kasuwa ya biya abin da ake binsa sau ɗaya a asusu ɗaya. Su zauna da shugabannin kasuwanni a samar da akantoci masu sauƙin kuɗi da za su riƙa rubuta wa 'yan layi guda littafi, ga matasa nan da suka karanta aikin akanta suna zaune ba aiki. Su kuma ba da tabbaci a rubuce cewa wanda ya fito da kansa ya yi rajista ba za a bi shi da ƙiyasin shekarun baya ba, domin wannan tsoron ne ya fi hana mutane fitowa.

Kafin duk wannan, su fara da nasu. Jihohin Arewa 19 suna da kamfanin NNDC da suka gada tun zamanin Jihar Arewa. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002 ta bar ma'aikatanta suna bin haƙƙinsu shekara da shekaru, tana cikin dukiyar da jihohin suka mallaka tare. Fasa-ƙwauri da rashin wutar lantarki sun taka rawa a mutuwarta, amma masu ita ma ba su tsaya a kanta yadda mai dukiya ke tsayawa a kan dukiyarsa ba. Ban da wannan, kusan kowace jiha tana da kamfanin zuba jari, da na sufuri, da na takin zamani, da otal. Majalisun dokokin jihohi suna da ikon wajabta wa kowane ɗaya daga cikinsu ya buga rahoton kuɗinsa da aka tantance cikin wata shida bayan ƙarewar shekara, a saka a intanet yadda mai waya zai buɗe ya karanta, tare da sunayen daraktoci, da abin da aka biya su, da adadin ribar da kamfanin ya zuba a asusun jiha a shekarar.